HANNU A MATSAYIN MAGANI: NAZARIN TAUSA DA ƊORI A ƘASAR BIRNIN GWARI

Gabatarwa

Idan aka ambaci magani, abin da yakan fara faɗo wa Bahaushe a rai shi ne saiwa ko sassaƙe ko ganye, ko kuwa ƙwaya da allura irin na asibiti. Amma akwai wani magani da ya girme su duka, wanda ba a haƙo shi a daji, ba a kuma sayensa a kanti, watau hannun ɗan Adam. Yaro in ya yi tuntuɓe ya buge gwiwa, kafin uwarsa ta tuna da sunan wani magani ta riga ta kai hannu ta shafa wurin, kuma sau da yawa kukan yakan tsaya a nan.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda ake amfani da hannu wajen rage ciwo da taimakon jiki ya warke, watau tausa da gyaran targaɗe da ɗori. An zaɓi ƙasar Birnin Gwari domin ta zama madubi, saboda wuri ne da nisan asibiti da rashin tsaron hanya suka ɗora wa masu wannan aiki nauyi mai yawa. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, amfanin hannu yana cikin taushinsa, kuma duk lokacin da ƙarfi ya rinjayi taushi, to hannun da aka kawo don magani shi ne yakan koma cuta.

Abin da Harshe Ya Adana

Ya kamata ɗalibin Hausa ya fara da kalmomi. Hausa ba ta tara aikin hannu a jiki cikin kalma ɗaya ba. Akwai shafa, wadda ba ta wuce fata. Akwai lailaya, wadda take bin wuri ɗaya a hankali ana maimaitawa. Akwai murza, wadda take shigar da mai cikin fata ta kuma ɗumama ta. Akwai danna da matsa, waɗanda suke kai wa ga tsoka. Sa'an nan akwai ja da miƙarwa, waɗanda ake yi wa gaɓa. Waɗannan kalmomi kamar matakala suke, kowace ta fi ta bayanta nauyi, kuma gwanin tausa shi ne wanda ya san matakin da ya dace da kowane ciwo.

Ita kanta kalmar tausa abin lura ce. Idan aka jera ta da taushi da tausasa, za a ga saiwa ɗaya ce, watau taus-, sai dai a taushi an sami ganɗantawa, inda s ta koma sh a gaban wasalin i, kamar yadda ake samu a fasa da fashi. Ga alama kuma tausayi daga wannan gida ta fito. Ke nan a tunanin Bahaushe, yin tausa shi ne mayar da abin da ya ƙage ya yi taushi, kuma aikin ɗan'uwan jinƙai ne.

Haka nan ɗori daga ɗora yake, watau aza abu a kan wani. Ɗafa-goshin ma- ya ba mu maɗori, jam'i maɗora. Sunan sana'ar bai fito daga ɗaure ba, ko da yake ana ɗauri a cikinta. Wannan ɗan bambanci zai yi mana amfani a gaba. Bugu da ƙari, harshen ya rarrabe raunuka: buguwa daban, targaɗe daban, gocewar ƙashi daban, tsagewa daban, karaya kuma daban. Al'ummar da ta yi irin wannan rarrabewa ta daɗe tana lura da jiki.

Ƙasar Birnin Gwari da Dajinta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga garin Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ta bi ta Tegina zuwa Ikko. Ƙaramar hukumar ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 250,000. Akwai Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani, mafi yawansu manoma da makiyaya, ga kuma masu haƙar zinariya. A cikinta ne dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 a ƙarƙashin hukumar En'e, aka kuma ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Ta arewa maso yamma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara.

Wannan daji ya shafi batunmu ta fuska biyu. Ta fuskar farko, shi ne rumbun kayan aikin mai tausa da maɗori. A cikinsa akwai doka da maje da ƙirya da taura da ɗorawa, akwai kaɗanya wadda ake samun man kaɗe daga 'ya'yanta, akwai kuma tukurwa a bakin rafuka, wadda gwangwalarta mara nauyi ce, tana kuma tsaguwa yadda ake so. Ta fuska ta biyu, dajin ya zama katanga tsakanin majinyaci da likita. Shekaru fiye da goma 'yan bindiga sun yi sansani a cikinsa, suna tare hanyar Kaduna da ta Funtuwa. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska a hari guda. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a yankin, ta hana hawan babur, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Sai a watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhun da ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta garin.

To, a yi tunanin manomi a ƙauyukan Kuyello ko Randagi ko Kakangi ko Dogon Dawa a waɗancan shekaru, wanda ya faɗo daga kan babur, ko rami ya rufta masa a wurin haƙar zinariya. Kafin ya kai babban asibitin garin, mai ɗauke da sunan Jibril Mai Gwari, sai ya ratsa daji. In kuwa karayar ta buƙaci ƙwararren likitan ƙashi, sai Kaduna, ko Shika ta Zariya, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. A irin wannan hali, hannun da ke cikin ƙauye shi ne na farko, wani lokaci kuma shi ne na ƙarshe.

Masu Aikin Hannu

Kamar sauran ƙasar Hausa, ana iya kasa masu wannan aiki gida uku. Kashi na farko su ne mutanen gida, waɗanda ba su ɗauki abin sana'a ba. Magidanci ya yini yana huɗa, jiki ya yi tsami, da dare a matsa masa kafaɗu da ƙugu. Kaka takan kira jikanta ƙarami ya hau bayanta ya tattaka, kuma hikimar zaɓen ƙaramin yaro ita ce nauyinsa bai kai ya yi lahani ba.

Kashi na biyu su ne ungozomomi da tsofaffin mata. Su ne suke wanke jariri da ruwan ɗumi, su shafe shi da mai, su miƙar masa da hannuwa da ƙafafu a hankali. Su ne kuma suke gasa wa mai jego jiki, suna danna mata baya da ƙugu a kwanakin wanka.

Kashi na uku su ne maɗora, kuma su ne ƙwararru. Galibi ɗori gado ne: yaro yakan tashi yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar majinyaci, yana miƙo kara da tsumma, har yatsunsa su koyi bambance tsagewa da karaya. Maɗori yakan fara da tambayar yadda aka faɗi, sa'an nan ya bi gaɓar da yatsu yana lalube, yana kwatanta ta da 'yar'uwarta mai lafiya. In targaɗe ne, sai ya gasa wurin da ruwan ɗumi, ya shafa man kaɗe ko man shanu, ya lailaya, ya ɗan ja. In karaya ce, sai mataimaka su riƙe, a ja gaɓar sannu a hankali har bakunan ƙashin su fuskanci juna, a jera karan ɗori na dawa ko gwangwala ko gora, a naɗe da ƙyalle. Da yawa daga cikinsu sukan haɗa da addu'a da tofi, abin da yake kwantar wa majinyaci da hankali, kuma wanda hankalinsa ya kwanta yakan saki jiki, aikin ya zo da sauƙi.

Yadda Tausa Take Rage Ciwo

Mai karatu yana iya tambaya, shin da gaske tausa tana rage ciwo, ko kuwa jin daɗi ne kawai? Ilmin zamani ya ba da amsa. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack na Kanada da Patrick Wall na Ingila, suka fito da bayanin da ake kira ra'in ƙofar ciwo. Taƙaitaccensa shi ne, saƙon ciwo yana tafiya daga fata da tsoka ta cikin siraran jijiyoyi zuwa laka, daga nan ya wuce ƙwaƙwalwa. Saƙon taɓawa da dannawa kuwa yana bin jijiyoyi masu kauri waɗanda suka fi sauri. Idan saƙon taɓawa ya yi yawa, sai ya rage wa saƙon ciwo hanya a cikin laka, kamar garken shanu da ya cika ƙofar gari har jaki ya rasa wurin wucewa. Wannan shi ne dalilin da ya sa shafar uwa take tsayar da kukan ɗanta.

Har ila yau, tsokar da ta ji ciwo takan ɗaure kanta don ta kare wurin, ɗaurewar kuma ta haifar da wani sabon ciwo. Ɗumi da matsa mai taushi suna sa ta saki, jini ya ƙara gudana a wurin. Shi kuwa mai, babban aikinsa shi ne ya sa hannu ya zame a kan fata ba tare da ya goge ta ba. Akwai kuma rabon zuciya a ciki, domin tsoro da damuwa suna ƙara wa ciwo zafi, natsuwa kuma tana rage shi.

Saboda irin waɗannan dalilai ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin jagorar da ta fitar a 2023 game da daɗaɗɗen ciwon ƙugu, ta lissafa tausa cikin abubuwan da ake iya yi wa majinyaci, tare da motsa jiki da ilmantar da shi. Sai dai bincike ya nuna sauƙin da tausa take kawowa na ɗan lokaci ne. Tana rage zafi, tana ba mutum damar motsi da barci, a cikin haka jiki ya ci gaba da gyaran kansa.

Ƙashi Shi Yake Haɗa Kansa

Wannan magana ta ƙarshe ta fi fitowa fili a ɗori. Idan ƙashi ya karye, jini yakan taru ya daskare a tsakanin bakunan biyu. Cikin mako biyu zuwa uku, wannan gudan jini yakan rikiɗe ya zama wani abu mai kama da guringuntsi wanda yake riƙe bakunan. Daga nan ya yi ta tauri har ya zama ƙashi, abin da kan ɗauki mako 6 zuwa 12 ga babban mutum, gwargwadon ƙashin da ya karye, yara kuwa nasu ya fi sauri. Bayan haka jiki yakan shafe watanni yana sassaƙe kumburin wurin har ya daidaita.

Ke nan maɗori da likita duk ba su ne suke haɗa ƙashi ba. Aikinsu biyu ne: su daidaita bakunan, su kuma hana su motsi. Dukan aikin gyaran kuwa da jini ake yinsa, domin shi yake kawo abinci da iska wurin. A nan ne bambancin ɗora da ɗaure yake da muhimmanci. Karan ɗori tallafi ne, ana so ya hana gaɓa lanƙwasa, ba a so ya shaƙe ta.

Inda Hannu Yake Zama Cuta

Hausawa suna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, suna nufin ba a yar da ɗan'uwa. Amma a asibitocin Nijeriya hannu yana ruɓewa a yanke, kuma likitocin ƙashi sun sha rubutawa cewa ɗaurin da ya yi tsanani yana cikin manyan dalilan yanke hannuwan yara. Yadda abin yake faruwa shi ne, gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku. In an tamke ta tun ranar farko, kumburin ya rasa inda zai tafi, sai ya matse jijiyoyin jini. Tsokar da ta rasa jini na kimanin awa 6 takan fara mutuwa, wadda ta mutu kuwa ba ta dawowa. In abin ya zo da sauƙi, hannun ya shanye, yatsu su ƙanƙance kamar ƙafar shaho, yanayin da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana tun 1881. In ya yi muni, gaɓar ta yi baƙi ta ruɓe. Karayar da ta fi wannan haɗari ita ce ta saman gwiwar hannu, irin wadda yara suke samu in sun faɗo daga kan mangwaro, domin babbar jijiyar jini ta ratsa daidai wurin.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai ciwon da yake ƙaruwa maimakon raguwa bayan ɗori, musamman in an miƙar da yatsu. Akwai yatsu su kumbura, ko su yi sanyi, ko su yi dindiris, ko launinsu ya sauya. Ana iya danna farce a saki: in jini bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, akwai matsala. Abin takaici shi ne, al'adarmu ta jarunta takan sa a ce wa yaro ya daure, zafin ɗori ne, alhali kukan nasa shi ne ƙararrawa. Abin da ya wajaba a lokacin shi ne a sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti.

Akwai kuma raunuka da cututtukan da hannu bai kamata ya taɓa ba sam. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko raunin harsashi, suna buƙatar wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafin sarƙewar haƙora. Wanda ya bugu a wuya ko gadon baya ba a jansa, ba a murɗa shi, domin ana iya tsinka laka ya shanye har abada. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi tana iya zama ruwa ne ya taru a ciki. Sha-raɓar da ta kumbura haka kawai, musamman ga mai jego, tana iya zama gudan jini ne, wanda matsa za ta iya tura shi huhu. Ciwon ƙashin mai amosanin jini ba targaɗe ba ne. Cikin mai juna biyu kuma ba a danna shi da ƙarfi da sunan gyara kwanciyar ɗa.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Kada a ɗauka wannan ja-in-ja tsakanin maɗori da likita a ƙasarmu kaɗai aka yi shi. A 1867 babban likitan Ingila James Paget ya yi wa ɗalibansa lacca a Landan game da cututtukan da maɗoran ƙasarsu suke warkarwa, ya shawarce su da su koyi abin kirkin da ke cikin aikin, su guji na banza. Hugh Owen Thomas, wanda ya rayu daga 1834 zuwa 1891, wanda kuma ake ɗauka uban ilmin ƙashi na Birtaniya, ɗan gidan maɗora ne kaka da kakanni. Ya haɗa gadon gidansu da karatun likita, ya ƙirƙiro wani karan ɗori na ƙarfe mai riƙe cinya a miƙe. Da almajirinsa Robert Jones ya shigar da shi fagen Yaƙin Duniya na Farko, mace-macen sojojin da suka karye a cinya ya ragu ƙwarai.

Aikin gashin ƙashi na asibiti ma daga tausa da motsa jiki ya tsiro. Ya shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, aka buɗe asibitin Dala a 1959, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digiri a fannin a 1966. A nan Afirka, wani likita a kudancin Habasha ya wallafa a 2005 cewa bayan an tara maɗoran yankinsa an yi musu ɗan gajeren horo game da haɗarin tsananta ɗauri, yawan gaɓoɓin da ake yankewa ya ragu. Ba a hana su sana'arsu ba, ba a kuma mayar da su likitoci ba. An dai nuna musu inda ya kamata hannu ya sassauta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa tausa da ɗori ilmi ne da aka gina bisa doguwar lura, harshen Hausa ya adana matakansa, binciken zamani kuma ya gaskata wani sashe nasa. Mun ga kuma cewa jiki shi yake warkar da kansa, hannu mataimaki ne, kuma taimakon yana ƙarewa a daidai inda aka toshe wa jini hanya. Ga ƙasa irin Birnin Gwari, inda daji da nisa suka sa maɗori ya zama madogara, raina shi ba zai tsirar da hannun yaro ko ɗaya ba. Abin da zai tsirar shi ne hukumomin lafiya su jawo maɗora da ungozomomi a jiki, a koya musu alamomin haɗari da Hausar da suke ji, a kuma buɗe musu ƙofar turo majinyaci asibiti ba tare da tsoron wulaƙanci ba.

Mu ma ɗaliban Hausa muna da rabonmu na aikin. Rikicin shekarun baya ya tashi ƙauyuka da dama, tsofaffin da suka riƙe wannan sani sun warwatsu zuwa garuruwa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Kalmomin sana'ar, da sunayen karaya iri-iri, da ƙa'idojin da uba yake gaya wa ɗansa a gindin majinyaci, duk suna buƙatar a tattara su a rubuta, da Hausa da kuma harsunan Gwari da Kamuku. Ma'aikacin lafiyar da zai yi wa maɗori bayanin gudanar jini yana buƙatar waɗannan kalmomi, kuma daga sashenmu ya kamata ya same su. Muna fata masu neman batun kundin digiri za su waiwayi wannan fage tun masu shi suna raye.